Ƙyauren Lazaro

"Boka ne," in ji Hajiya Abiba, muna hawa bene, kwanon koko a hannunta. "Wane mai hankali ne zai riƙa kwaso tsofaffin ƙyamare daga bola?"

Gafaru direban tasi kuwa cewa yake taɓaɓɓe ne kawai. Duk da haka, tun da asibiti suka sallamo maƙwabcinmu Lazaro ya ƙarasa kwanakinsa a gida, Hajiya ke dafa masa abinci, Gafaru ke yi masa wanka. Ba shi da kowa a unguwar Bronx sai mu.

Ni na san mai zane ne, mutumin Kuba, a jikin ƙyamaren yake zanensa. Da girmana na shiga makaranta, a wurinsa nake gwada Turancina, shi ma nasa gurgu. Yawanci shi ke magana, ni ina saurare.

"Shafa'atu, a Havana ba fenti," ya taɓa ce mini. "Da ruwan kofi da tsatsa muke zane, a jikin katakon gidajen da suka rushe. Na zo nan, masu baje zane suka ce in zano musu tsofaffin motoci da mata masu rawa. Na ƙi. To ga ni, na tsufa ina buga ƙusa, ina rataye zanen wasu."

Cikin kayansa duka, ɗaya ya fi so: ɗan ƙyauren kabad na gidansu, wanda ya zo da shi cikin akwati. A jikinsa ya zana fuskar mahaifiyarsa da kofi, tana zaune gabansa, kafin ya baro ƙasar. Ba shi da wani hotonta. Ya sa aka rataye shi daidai ƙafar gado.

"Ita nake so in gani daga ƙarshe," ya ce.

Ranar da numfashinsa ya fara sarƙewa ina aji. Hajiya ta dubi bango, hankalinta ya tashi. Mu a Kumasi mun taso da sanin mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin da ke da hoto, ita kuwa ba ta so bawan Allah ya cika ba rahama a kansa. Yana barci ta kira Gafaru. Manyan ƙyamaren masu zane suka juya su suna kallon bango, ƙaramin mai fuskar mahaifiyar kuma suka fitar da shi ta taga, suka jingina a tsanin ƙarfe na waje.

Da la'asar aka yi ruwa.

Na shigo na tarar ya farka, idonsa a kan ƙusa.

"Ina mamata?"

Gafaru ya leƙa ya ɗauko ƙyauren yana ɗiga. Ba ido, ba baki, sai jirwaye ruwan ƙasa da ya zubo zuwa gindi.

"Don alherinka muka yi, Baba," in ji Hajiya. "Shafa'atu, faɗa masa da Turanci."

Na faɗa masa. Ya daɗe yana kallon katakon, sannan ya yi wata 'yar dariya.

"Ta tsallake kwastan, ta tsallake teku, ta sha sanyin garin nan. Sai masu kawo mini koko suka gama da ita."

"Me ya ce?"

"Ya gaji," na ce.

Ya juya fuskarsa bango. Bai sake karɓar cokali daga hannun kowa ba, har ya cika.

Mai gidan hayar ya sa aka kwashe ƙyamaren zuwa bakin titi, motar shara ta tafi da su. Hajiya ba ta sake tada zancen ba. Ko sunansa aka ambata, sai ta shiga gyara mayafi.

Ranar da za a yi wa ɗakin fenti na hau in mayar da makulli. Na same ta ciki ita kaɗai, ta rataye ɗan ƙyauren nan, da ashe ta ɓoye, a ƙusarsa, tana tsaye inda gadon yake a da. Ba ta ji shigowata ba.

"Lazaro," ta ce. "Baba, ka yafe mini. Mama, ke ma ki yafe."

Tagar a buɗe take. Katakon ya bushe, har yanzu da ɗan ƙamshin kofi.