Inda Aka Binne Baturiya

Ranar da Baturiya ta rasu, gero ya riga ya fitar da kai, hadari kuma tun safe yake rataye a gabas ya ƙi saukowa. Malam Tahir yana gyaran kunya a gonarsa ta bayan Kwarin Ɗorawa, wani ƙauye a ƙasar Bagwai, sai ya jiyo kukan mata daga gidan Shago. Ya yar da fartanya ya nufi can.

Shago maƙwabcinsa ne, jeren gamba kawai ya raba gonakinsu. Tsoho ne Kirista, jikan manoman da suka fara sare dajin wurin. Tahir kuwa malamin firamare ne, kuma tun yana yaro matar Shago, Baturiya, take cika masa aljihu da gyaɗa.

Ya tarar da tsohon a zaune bakin rumbu, idonsa a bushe.

"Baba Shago, sannu. Ya haƙuri?"

"Haƙuri sai ma'abocinsa, ɗana. Amma ta bar mini wasiyya. Ta ce a kwantar da ita kusa da uwata, ƙarƙashin kukar fadama."

Kukar nan da kaburburan dangin Shago duk suna cikin filin da Alhaji Kamaruddeen ya zagaye da katanga bara. Babu wanda ya taɓa ganin Alhajin a ƙauyen. Ba ya riƙe da kowace kujera a gwamnati, amma an ce daga kansila har ɗan majalisa, ba mai hawa tasa kujerar sai ya je ya gaishe shi. Tun da aka yi katangar, mutane suka daina bin hanyar fadama, in za su ambaci sunansa sai sun waiga.

"Ka raka ni," in ji Shago. "Kai ka iya magana da manya."

Suka isa gidan gonar Alhajin da hantsi. Kafin su ƙwanƙwasa, ƙofar ƙarfen ta zuge da kanta. Wani mutum mai farar shadda ya fito, ya ce sunansa Abdulkabir, shi ke kula da al'amuran Alhaji.

"Ku shigo, ana jiranku."

Tahir ya dubi Shago. Ba su gaya wa kowa za su zo ba.

Falon yana da sanyi kamar cikin randa, ga ƙamshin turaren wuta mai nauyi. A kan darduma dagacin ƙauyen ne zaune, da kansila, da wasu 'yan kasuwar hatsi daga Dawanau, kowa ya tanƙwashe ƙafa ya sunkuyar da kai. Dukkansu wata babbar kujera suke fuskanta. Babu kowa a kanta, sai wayar hannu da aka ɗora bisa ƙaramin matashi.

Abdulkabir ya durƙusa gaban kujerar. "Ranka ya daɗe, sun iso."

Numfashi kawai ake ji daga wayar, a hankali, kamar na mai barci. Aka jima a haka, har Tahir ya fara jin ƙafarsa ta yi tsami. Sannan wata murya mai taushi ta fito.

"Malam Tahir. Yaya ƙafar Rumaisa?"

Da safen nan 'yarsa Rumaisa ta taka ƙaya a tsakar gida, shi da kansa ya cire mata. Daga shi sai matarsa suka gani.

"Da... da sauƙi, ranka ya daɗe."

"Madalla. A riƙa lura da yara. Me ke tafe da ku?"

Tahir ya yi bayani: rasuwar Baturiya, wasiyyarta, da kaburburan da ke ƙarƙashin kuka. Ya ce ba filin suke nema ba, wurin kwanciyar mutum ɗaya kawai.

"Allah ya ba shi haƙuri," in ji muryar. "Sai dai ni ban san da wani kabari a gonata ba. Ba zan taɓa sayen makwancin mutane ba. Dagaci, akwai kabari a wurin?"

Dagacin, wanda Tahir ya gani da idonsa yana yi wa Shago ta'aziyya a bakin kabarin uwarsa, bai ko ɗaga kai ba. "Babu, ranka ya daɗe."

"Kansila?"

"Ban taɓa ji ba, ranka ya daɗe."

'Yan kasuwar ma suka girgiza kai tare, su da ba su ma san ƙauyen ba.

Shago ya miƙe tsaye. "Ubana yana can! Uwata tana can! Ɗana na fari da ƙyanda ta kashe yana can! Tahir, gaya musu. Kana yaro kai ke kore mana awaki daga kan kabarin."

Numfashin nan ya ci gaba, kuma Tahir ya ji kamar a bayan wuyansa ake yin sa.

"Malam Tahir mutum ne mai ilimi," muryar ta ce, "mai iyali kuma. Abin da ya faɗa shi za mu ɗauka."

Tahir ya buɗe baki da niyyar faɗin gaskiya. Yana ganin kukar a zuciyarsa, da tulin duwatsun, da fasasshiyar tukunyar da ke kan kabarin yaron. Amma ƙafar Rumaisa ce ta tsaya masa a rai, da tunanin wane ido ne ke tsakar gidansa. Sai ya ji wata murya kamar ba tasa ba tana cewa, "Na daɗe ban je wurin ba, ranka ya daɗe. Ba zan iya tunawa ba."

"To, kun ji," in ji muryar. "Abdulkabir, a nuna wa dattijo wurin, hankalinsa ya kwanta."

Aka zaga da su ta ƙofar baya. Babu kuka, ko kututture babu. Masara ce shar, layi-layi, har iyakar gani, duk tsayinta ɗaya. Ko kukan tsuntsu ba a ji. Shago ya yi gabas, ya dawo, ya yi kudu, yana dudduba ƙasa kamar wanda ya yar da allura. Shi kansa Tahir ya nemi inda kukar take a da, ya rasa. Har ya fara tambayar kansa ko dai a wata fadamar ce.

A hanyar komawa tsohon bai zage shi ba, bai ko yi masa kallon banza ba. Da suka zo tsallake wani rafi ma, shi ya miƙo hannu Tahir ya riƙe shi. Wannan ya fi komai ƙona wa Tahir rai.

Da la'asar aka binne Baturiya a bayan rumbun Shago. Fasto ya zo daga wani ƙauye ya yi addu'a, amma mutanen Kwarin Ɗorawa, waɗanda ba sa rasa ta'aziyyar maƙwabci, ranar kowa ya sami uzuri. Tahir ne ya karɓi diga ya yi ta haƙa har tafin hannunsa ya fashe, bai bari kowa ya karɓe shi ba.

Da aka gama mayar da ƙasa, Shago ya dafa kafaɗarsa.

"Ɗana, ka ga inda muka sa ta, ko? Ga rumbu, ga dalbejiya, ga ta a tsakani. Ka duba da kyau. Ni na kusa tafiya, Abel ɗana kuma yana birni. Wata rana za a tambaye ka."

Tahir ya dubi rumbun, ya dubi dalbejiyar. Can bayan danga, inda gero ya yi duhu, sai ya hangi wasu mutane biyu da bai sani ba, masu farar shadda irin ta Abdulkabir, suna jan igiyar awo daga iyakar gonar Shago zuwa tasa gonar. Ɗaya ya ɗago kai, ya yi masa murmushi, ya ɗaga masa hannu kamar sun saba.

"Tahir," tsohon ya sake cewa, "ka gani?"

Yayyafi ya fara sauka a kan sabuwar ƙasar. Tahir ya ga hannunsa na dama, da jini a tafinsa, ya ɗagu yana amsa gaisuwar mai igiyar awon.