Ɓerayen Kantin Manzo

A shekarar 1984, da damina ta ƙi a duk ƙasar Adar, Manzo yana da ɗan kanti a bakin kasuwar Tawa. Sukari yake sayarwa da ganyen shayi, da kananzir, batir, taba da kifin gwangwani. Shekara goma sha biyu yana wannan sana'a bai taɓa rubuta ko dala ɗaya ba. Aljihun dama na kanti ne, na hagu na gida, in ɗaya ya ƙare ya sa hannu a ɗayan.

Bayan ƙaramar salla aka yi shela cewa hukuma ta turo malami daga Yamai zai koya wa ƙananan 'yan kasuwa lissafin ciniki, kuma duk mai kanti sai ya halarta. Lokacin mulkin soja ne, ba wanda ya tambayi dalili. Mutum talatin suka taru a wani ajin lakwal, wato makarantar boko, suka matse gwiwoyi a kan bencin yara. Rabinsu ba su yi cinikin jikka ɗaya ba a wannan makon, don makiyayan da ke sayen shayi sun rasa dabbobinsu, manoman Kalfu da Bambeye kuwa hatsi suke nema.

Malamin, Mushe Yunusu, siriri ne mai tabarau, mai son aikinsa. Ya raba musu kaye da bik, wato littafin rubutu da biro, ya ce shafin hagu na abin da ya shigo ne, na dama na abin da ya fita, bashi kuma a ba shi shafinsa da sunan wanda ya ci. Ya ce kuɗin kanti ba kuɗin mai kanti ba ne. Wannan magana ta ba mutane dariya, amma Manzo ya riƙe ta. Ya yi karatun yaƙi da jahilci, hannunsa na da kyau, sai ya kama rubutu kamar ibada.

Cikin mako uku littafin ya gaya masa abubuwan da bai so ji ba. Kananzir faɗuwa yake yi a kansa, saboda gyaran da yake ƙara wa kowace kwalba. Shayin da yake dafa wa abokan hira ya fi wanda yake sayarwa. Matarsa Zaliha ta aiko a ba ta sukari, ya buɗe mata shafi da sunanta, ta yi kwana biyu ba ta gaishe shi ba. Shafin da ya fi kowane tsawo kuwa na Ajidan Illa ne, wani mai kaki da ke biyowa kullum da hantsi. Yakan yi sallama da fara'a, ya tambayi iyali, ya ɗauki kwalin taba ko gwangwanin kifi, ya ce sai ƙarshen wata. Wata ashirin ke nan ƙarshen bai zo ba.

Ana gobe bikin rufe karatu, Mushe Yunusu ya duba littattafan don ya zaɓi wanda za a nuna wa babban jami'in da zai zo. Na Manzo ya fi tsabta. Yana buɗawa yana yabo har ya kai shafin Ajidan. Ya cire tabarau, ya ja Manzo bayan aji, ya bayyana masa a hankali cewa bashi shi ne abin da ake sa ran biya. Ya tambaye shi ko yana sa rai, Manzo ya ce a'a. Ya tambaya ko kyauta ya ba shi, Manzo ya rantse bai taɓa ba. Malamin ya ce to wannan asara ce, asara kuma sai an rubuta sanadinta. Manzo ya fara cewa ko a sa sata, malamin ya ɗaga hannu kafin ya ƙarasa.

"Malam Manzo, akwai ɓera a kantinka?"

"Wane kanti ne babu ɓera, Mushe?"

"To rubuta ɓera. Ina da 'ya'ya huɗu a Yamai."

Manzo ya yage shafin, ya sake kwafe shi layi layi, da kwanan wata da farashi, sunan kawai ya canza.

Ranar biki babban jami'in ya zo da rakiya, Ajidan Illa na tsaye a bayansa. Ya yi jawabi a kan tsimi da riƙon amana, aka miƙa masa littafin Manzo. Mutum ne mai karanta abin da aka ba shi. Ya bi shafukan har ya tsaya a kan ɓeraye: taba kwali tara, kifi gwangwani goma sha huɗu, batir shida, duk cikin kwana ashirin. Manzo ya tsaya yana jiran a tambaye shi yadda ɓera ke buɗe gwangwani. Ba a tambaya ba. Jami'in ya ce abin kunya ne a shekarar yunwa, ana roƙon abinci daga ƙasashen waje, ɗan ƙasa ya bar ɓeraye suna cinye dukiya saboda ƙazanta. Ya waiwaya ya ce wa Ajidan ya kula da lamarin da kansa. Ajidan ya ƙame ya sara. Duk da haka aka ba Manzo takardar yabo ta ɗaya, aka tafa masa.

Bayan kwana biyu masu duba-gari suka zo, Ajidan a gaba. Suka fitar da kaya rana, suka fesa magani, suka rufe kantin kwana uku, suka ci shi tarar jikka biyu, suka sa shi sayen tarko huɗu. Ajidan ya yi masa jaje sosai, ya ce shi ma ya sha ganin alamar ɓeraye a ƙarƙashin kanta. Da zai fita ya ɗauki kwalin taba. Manzo ya nemi Mushe Yunusu don ya ji a wane shafi ake sa tara, aka ce ya bi motar safe.

Kwana ukun nan ya zauna a zaure da littafin a cinya. Zaliha, wadda ta huce, ta ce ya karanta mata kayan da ɓerayen suka ci. Da ya gama ta lura cewa ba gishiri a ciki, ba kanwa, ba sabulu, ba allura. Manzo ya sake bin shafin da yatsa, ya ga gaskiyarta.

Da aka buɗe kantin bai ƙara saro taba da kifi da batir ba. Ya cika kanta da gishiri da kanwa da sabulun wanki, ya daina gyara a kananzir. Ribar kaɗan ce, amma tana kwana inda aka ajiye ta. Ajidan ya zo sau biyu, ya dubi kanta sama da ƙasa, ya ce kasuwa ta lalace. Daga nan ya koma yin sallamarsa a kantin Sabo, maƙwabcin Manzo, wanda ya yi ta gyangyaɗi a ajin lissafi.

Kafin babbar salla Sabo ya shigo da sabon kaye a hannu, ya ce kaya na fita, kuɗi ba sa shigowa, ya kasa gane inda matsalar take. Manzo ya shimfiɗa masa buzu, ya ce zai koya masa, dala ashirin kowane zama, kuma a biya kafin a fara.