Sarewa a Ɗakin Tajuddeen

"Ƙara busawa, Baba, kada ka tsaya," in ji Tajuddeen daga kan katifa.

Baba Manu ya mayar da sarewar bakinsa. Numfashin ba irin na da ba ne, yatsun ma sun yi tauri, amma sautin ya fita. Fuskar kwamfutar da ke kan tebur, wadda ɗazu take baƙa wuluk, ta soma fitar da zane. Wani zare ruwan ƙasa ya miƙe, ya hau sama da busar ta yi tsini, sannan ya gangaro ya bazu ya koma kore.

"Ka gani? Manhajar da na rubuta ce take saurarenka tana zanawa."

Tsohon ya matso da ido kusa. "Wanga abu kamar dutsen Kwatarkwashi da damina."

Tajuddeen ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Matarsa Hanatu ta ɗago kansa ta ba shi ruwa a murfin kofi, don likita ya hana shi sha da yawa. Ciwon ƙoda ya kumbura masa ƙafafu, ya tsotse sauran jikin.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu a Tudun Wadar Gusau. Baba Manu ya dawo nan ne bayan daji ya ƙi zaunuwa, aka kore masa yawancin shanu, ya sayar da ragowar. Da farko ya ɗauki maƙwabcin nasa a matsayin marar aikin yi: mutum da gemunsa, ya wuni a ɗaki da wani abu toshe a kunne! Sai daga baya ya gane a nan zaune yake rubuta wa kamfanonin Legas manhajoji.

Bayan la'asar Tajuddeen yakan fito dakali da kofin shayi, kuma bakinsa ba ya hutawa. Shi ya bayyana wa tsohon dalilin da ya sa ake ganin walƙiya kafin a ji tsawa. Shi ya ce masa sauti ba komai ba ne illa iska tana rawa. Wani lokaci ya sa masa abin kunnen, ya kunna masa garaya ko goge na mutanen da suka daɗe a ƙasa, yana kallon fuskarsa yana murmushi. Shi kuwa Baba Manu ya riƙa ba shi labarin mashaya da burtali, da wata farar saniya da ba ta shan ruwa sai ta ji busarsa.

Tun ranar da ya ji wannan labarin Tajuddeen yake roƙo a busa masa. Shekara da shekaru amsar ɗaya ce.

"In busa ma wa? Masu jinta ba su nan."

Yau da hantsi Hanatu ta yi sallama a ƙofarsa, idanunta jawur. "Baba, ɗanka na kira. Ya ce ka taho da sarewar, in kuma ba ka so, ka taho hakanan." Ya jawo tsohuwar jakar fata da sarewar ke ciki daga ƙarƙashin gado.

Yanzu busar kai shanu mashaya yake yi. Ya rufe ido, ya ji ƙarar kofato a kan tsakuwa, ya ji warin ɗanyar ciyawa. Da ya buɗe, fuskar kwamfutar ta cika da tuddai da kwaruruka, shi kuma gemunsa ya jiƙe.

"Launin yana ɗan makara," Tajuddeen ya faɗa a hankali. "Kana busawa, sai ya biyo baya. In na samu sauƙi zan gyara."

"Ka bar shi hakanan, ɗana. Su ma shanun a baya suke biyo ni."

"To shi ke nan, Baba, na bar shi. Ka yafe mini yawan surutu."

"Mi ka yi mini? Allah shi ba ka lafiya."

Bai sake fitowa dakali ba. Ranar Juma'a da safe Baba Manu yana ba akuyarsa dusa ya ji salatin Hanatu ta kan katanga, ya ajiye kwanon ya dafa bango. Shi ya riƙe buta wajen wanka, kuma duk da ciwon gwiwa bai yarda an bar shi a baya ba har maƙabarta.

Bayan addu'ar bakwai, Sabiru ƙanen mamacin ya zo daga Tsafe kwashe kayan ɗakin, don Hanatu za ta yi takaba a gidan iyayenta. Baba Manu ya shiga taya shi. Sabiru ya zare kwamfutar ya sa a kwali, ya fita neman mai a-daidaita-sahu, ya bar wayoyi a watse a ƙasa.

Tsohon ya zauna a bakin katifar da aka yaye wa zani. Ya ɗauki wayoyin ɗaya bayan ɗaya yana naɗewa a gwiwar hannu, yadda yake naɗe igiyar maruƙa, yana jera su a gefensa. Rana ta shigo ta taga ta sauka a kan teburin, daidai gurbin kwamfutar, inda katakon bai koɗe ba.