Tukwane a Kan Hanyar Lambatu

Da ƙungiyar raya birane ta haɗa hannu da ƙaramar hukuma za a gina lambatu a Tudun Wada, cewa aka yi mutanen unguwa ne za su zaɓi inda zai bi. Magana mai daɗi. Sai dai taron a ƙofar gidan Mai unguwa Tambari aka yi shi, kuma a nan kowa ya san mazauninsa. Manya kan darduma, mahauta can baya wajen takalma, mata kuwa ko inuwarsu babu. Tambari ya ce ruwa ya gangara ta lungun mahauta, aka amsa da "hakanan na". Nabila, jami'ar ƙungiyar, ta tafi tana murna wai an yi ittifaƙi.

A ƙarshen lungun nan Hauwa'u mai langaɓu take, ita da tsohuwarta da ba ta iya tashi. Ɗakinsu na ƙasa ne, damina ta riga ta cinye gindin bangon. In aka juyo musu ruwan unguwa duka, kan tsohuwar zai faɗo. Ƙanenta Mode ya je taron, ta tambaye shi me ya ce.

"Ni in yi magana gaban manya, Yaya?"

Ta yi tsaki don haushi, ta koma kan tukunyarta.

Ranar fara haƙa, leburori suka iske tukwanen langaɓu jere a kan farin layin da aka shata, wuta na ci, matan lungun na fifita. Hauwa'u na kan kujera 'yar tsuguno, tana kankare ƙafar saniya. Aka kira Tambari, ya tsaya daga bakin lungun, don bai taɓa shigarsa ba.

"Ke ɗiyar nan, ɗauke tukwanen ga. An gama magana."

"Ranka ya daɗe, da wa anka gama ta?"

"Mazanku na wurin."

"Suna wurin takalma, Baba. Ba mu tashi. Mai son gina shi fara da tukunyata."

Tsoro kam tana jin sa, amma ko motsi ba ta yi ba. Nabila ta matso, kunya ta kama ta. Ta ce ƙungiya ba za ta sa hannu ba sai an sake taro, a saka rana.

"Yau za a yi shi, Malama," in ji Hauwa'u. "Ɗakin Inna. Kowa shi zamna jikin bangon ga, shi hwaɗi inda ruwa za shi bi."

Tambari ya dubi leburori, ya dubi motar ƙungiya da direba ya riga ya tayar. Ya tattare babbar rigarsa ya taka cikin caɓin lungun. A ƙofar ɗakin ya tuɓe takalmansa, ya sunkuya ya shiga. Tsohuwar ta ɗago kai daga tabarma.

"Sannu da zuwa, Tambari. Kak ka jingina, bangon na zuba."