Rigar Fatalwar Malachy

Allura ta soki yatsan Dervla a daidai lokacin da aka ƙwanƙwasa ƙofar bas ɗin da take tuƙawa. Da sauran lokaci kafin ta tashi, amma da ta ga tsoho Fintan ne tsaye cikin ruwan sama, sai ta buɗe masa. Ya shigo yana karkaɗe hula, ya tsaya yana kallon farin yadin da ke kan cinyarta.

"Likkafani kike ɗinkawa, Dervla?"

"Na Baba ne."

Fintan ya dafe ƙirji. "Malachy? Yaushe?"

"Yana nan da ransa, kai ma! Ka manta yau Halowin, daren bikin fatalwa?"

Tun Dervla tana yarinya, duk shekara ake mayar da zauren taron garinsu gidan fatalwa, kuma mahaifinta Malachy ne babbar fatalwar da ke ɗakin ƙarshe. Amma a sanyin bara santsin ƙanƙara ya kayar da shi a tsakar gida, ƙugunsa ya karye, yana kwance a wurin har mai kawo wasiƙa ya same shi. Tun daga nan da ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu yake tafiya. Philomena, shugabar masu shirya bikin, ta ce bana sai dai ya zauna a bakin ƙofa ya riƙa karɓar tikiti. Tun daga ranar ya daina aske gemu, ya daina ɗaga waya. Dervla ce ta je ta same ta.

"Zai shiga ɗakinsa," in ji ta. "Ki bar min maganar rigar."

Ta yi alkawarin ne kafin mura ta kwantar da direbobi biyu, aikinsu ya dawo kanta. Don haka a tasha take ɗinkin, tsakanin sauke fasinja da ɗaukar wasu. Da tsofaffin labulaye ta yi rigar, mai faɗi, yadda za ta rufe shi ta rufe ƙarfen har ƙasa. Ta ciki kuma ta yi mata shafi da bargon ulu, don ta san sanyin zauren nan.

Ba rigar ce ke hana ta barci ba. Gidan Malachy a kan tudu yake, shi kaɗai, kuma da zarar ƙanƙara ta sauka hanyar ba ta hawuwa. Ta yi ta roƙonsa ya dawo wurinta ya yi hunturu. Kullum amsarsa ɗaya: a gidan aka haife shi.

Da la'asar ta miƙa makullin bas, ta hau tudun da motarta. Tana shiga gidan ta ga numfashinta yana fita kamar hayaƙi. Malachy na zaune a kicin da kwat biyu da hular sanyi. Ta taɓa bututun ɗumama ɗaki, ta ji shi kamar dutsen rafi.

"Tun yaushe na'urar ta mutu?"

"Ba a daɗe ba."

"Baba."

"Tun makon jiya." Ya kau da kai. "Da na faɗa miki, da tuni kin ɗure ni a mota kamar buhun dankali."

Maganar ta zo mata har bakin leɓe: ko ka tattara kayanka yanzu, ko babu zaure, babu riga. Ta san idan ta faɗa zai bi ta, don ransa na kan ɗakin nan na ƙarshe. Ta kuma san da wane ido zai riƙa kallonta har bazara. Ta haɗiye maganar, ta durƙusa a gabansa da allura a baki.

"Tashi ka kama ƙarfenka. Ɗaga min hannu."

Ta zura masa rigar, ta ɗaure tsohuwar sarƙar ƙofar gona a ƙafar ƙarfen. Ya shafa cikin rigar, hannunsa ya tsaya.

"Wannan ai bargon mahaifiyarki ne."

"Shi ya fi ɗumi. Tsaya cak, kar in soke ka."

Ta shafa masa farar hoda, ta zagaye idanunsa da baƙi. Gemun da ya ƙi askewa ya yi daidai da aikin.

Duhu ya yi da wuri. A ƙofar zauren yara sun yi layi da iyayensu, ga kabewa da aka ƙwaƙule aka kunna fitila a ciki jere a kan matakala. Philomena ta tare su cikin shigar mayya, da tsintsiya a hannu.

"Malachy, idan ka faɗi min a nan, me zan ce wa mutane?"

"Ki ce kin samu fatalwar gaske, kyauta."

Dervla ta laɓe bayan labulen ɗakin ƙarshe, a shirye ta tare shi idan ya yi tangaɗi. A da tsalle yake yi daga cikin akwati yana ihu. Yanzu ba shi da ƙafar tsalle, sai ya sake salo. Da 'yan makarantar sakandare suka shigo suna dariya, ya bar su har suka kai tsakiyar ɗaki. Sannan ya taho daga lungu a hankali, ba a ganin ƙafa, sarƙa na jan ƙasa. Ya tsaya gaban mafi tsayinsu, ya sunkuya, ya yi raɗa.

"Kai ne jikan Packie Doherty. Ya ce in gaya maka yana ganin abin da kake sha a bayan coci."

Yaron ya ƙwalla ƙara ya yi waje, sauran suka bi shi suna ture juna. Dervla ta toshe baki da hannu. Babu gidan da Malachy bai san matattunsa ba, kuma kowa ya shigo sai ya karɓi saƙonsa. Philomena da ta leƙo duba lafiyarsa ta fita ba tsintsiya.

Da aka tashi, Dervla ta naɗe ƙarfen ta sa a bayan mota, ta zaunar da shi da rigarsa, ta kunna ɗumi har ƙarshe. Ruwan ya fara zama ƙanƙara a kan gilashi. Malachy na ta haki, amma bakinsa ya ƙi rufuwa.

"Kin ga yadda ɗan Doherty ya zura da gudu?"

"Na gani, Baba."

A mararraba ta karya kan mota zuwa tudun gidansa. Sun yi nisa kafin ya yi gyaran murya.

"Idan mun isa kar ki kashe motar. Rediyona kawai za ki ɗauko, da maganina."

Ta riƙe sitiyari da kyau, idonta a kan hanya.

"Zuwa bazara ne fa, ba wai na dawo gidanki ke nan ba," ya ce. "Kuma ki gaya wa mijin nan naki, ni ba na shan shayi mai kama da ruwan wanke kofi."