Albasa a Ajin Manya

Gwaji ɗaya aka ba Ma'aruf. In ya koyar da kyau, aikin malamin Turanci na ajin manya a Talata Mafara ya zama nasa. Shekara uku ke nan da gama sakandare yana jiran irin wannan.

Bayan la'asar ya shiga ajin da kwando da albasa guda. Malama Kubura, mai tantancewa, tana zaune can baya da biro. Darasin na ƙananan kalmomi ne masu nuna inda abu yake, in da on da under, wato ciki da bisa da ƙarƙashi.

Sai ya hango Malam Jatau a bencin gaba. Mahaifin Hikima, wadda aka sa musu ranar aure shi da ita bayan girbin shinkafa. Ba wanda ya gaya masa dattijon ya shiga makaranta. Ma'aruf ya durƙusa ya gaishe shi, ya tashi idonsa a ƙasa.

Ya kife kwando, ya ɗora albasa a kai.

"Ina albasa take?"

"In!" Malam Jatau ya riga kowa, da ƙarfi.

Ma'aruf ya yi tsaye. Ba a ce wa suruki ya yi kuskure, balle a gaban jama'a. A hankali ya juya kwandon, ya jefa albasar ciki.

"Daidai ne, Baba."

Ya sake, wannan karon ya tura ta ƙarƙashin tebur.

"On!"

Ya sunkuya ya ɗauko ta, ya aza bisa tebur.

"Daidai ne, Baba."

"Kai Jatau," in ji Barau mai faci daga baya, "albasag ga ta fi ɗiyanka jin magana!"

Aji ya kwashe da dariya. Malam Jatau ya gyara hula, bai ko waiwaya ba. A tambaya ta uku, albasa ta sake bin bakinsa.

Da aka tashi Malama Kubura ta tsayar da Ma'aruf a bakin ƙofa.

"Ka san abin, na gani. Amma mutum nawa ka koya wa yau?"

Ya dubi albasar da ke cikin kwando.

"Albasa kaɗai," in ji ta. "In dattijon yana ajin kullum fa, mi za ka yi?"

"Surukina ne, Malama."

"Na sani. Akwai wani yaro daga Bakura, gobe zan gwada shi. Ka yi haƙuri."

Yana tafe bakin titi Malam Jatau ya tsaya da keke kusa da shi.

"Malam ƙarami! Uku ka tambaya, uku na ci. Ashe Turancin ba wuya. Yaushe za ka fara?"

Ma'aruf ya durƙusa.

"Sun ce za su neme ni, Baba."