Tsibin Awatif na Ƙarshe

Shekara goma sha tara muna haɗa taki a bakin garin Fayyum, ni da matata Awatif. Kashin ɓauna, karan masara, ruɓaɓɓen kayan lambu. Na ce "muna" ne don mutunci. Ita ke cusa hannu cikin tsibi har gwiwar hannu, ta ji zafinsa, ta ce, "Shauki, yau juyi." Ni kuma in ɗauki shebur in yi fuskar masani.

Da gidaje suka kewaye mu, lauyana ya ce in kwantar da hankali: mun riga su zuwa, doka tana bayanmu, muddin ana kula da wurin yadda ya kamata.

Sai Awatif ta rasu. Kwana arba'in ina zaune a tabarma ina karɓar gaisuwa, ba wanda ya taɓa tsibin. Takin da ake juyawa ƙanshin ƙasa yake yi. Wanda aka bari kuwa, Allah ya kiyaye.

Maƙwabcina Ustaz Ra'afat, tsohon malamin lissafi, ya zo sadakar arba'in da hankici a hanci.

"Allah ya jiƙanta, Baban Huda. Amma wallahi ko waken safe ba ya shigar mana."

"Ai ka huta, Ustaz. Dama tumbin nan ya yi maka yawa."

Ya yi dariya, ya sha shayina. Washegari ya kai ƙara.

Jami'ar hukuma da aka turo ba muguwa ba ce. Ta tsaya bakin tsibi, ta tambaye ni yaushe rabon da in juya shi.

Lauya ya taka min ƙafa.

"Ban juya ba, ranki ya daɗe."

"Me ya hana, Baba?"

"Ba a ce min yau ba ne."

Ta daɗe tana kallon takardarta kafin ta rubuta. Kariyar doka ta mai kulawa ce, ni kuwa na shaida da bakina. Aka ba ni wata guda in kwashe.

Ranar kwashewa Ra'afat ya leƙo ta katanga. "Da ka yi ƙarya mana, bawan Allah! Da ban musa ba."

Tsibi ɗaya ya rage, wanda ta haɗa mako guda kafin ta kwanta ciwo. Na naɗe hannun riga, na cusa hannu har gwiwa yadda take yi. Can ciki akwai sauran ɗumi. Ban san ko na juyi ba ne, ko na ƙarewa. Mai taraktar da ya zo kwasar takin ya yi ta danna hon, ni kuwa na kasa zaro hannuna.